Daga Masana'antar Makamai Zuwa Gandun Namun Daji: Darasi Game Da Hurumin Garinmu

Jawabin da Kwamitin Kula da Muhalli ya gabatar a zauren taron shekara-shekara na ƙungiya, kwana biyu bayan Babbar Sallah

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya shimfiɗa ƙasa Ya damƙa mana amanarta. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

 

Gabatarwa

Idan ba mu manta ba, a taronmu na bara ne aka ɗora wa wannan kwamiti nauyin ya duba batun tafkin gabas da kurmin da ke kewaye da shi, wato wurin da kakanninmu suka keɓe a matsayin hurumin gari, sannan ya kawo wa zaure shawara a kan ko a bari a ci gaba da yanka shi fuloti-fuloti, ko kuwa a taka wa abin burki. Mun zagaya wurin da ƙafa, mun zauna da iyayen ƙasa da manoma da masunta da makiyaya. Abin da muka gano, wanda ba za mu ɓoye ba tunda zaure ne na 'yan gida, shi ne yawancin waɗanda suka sayi fulotai a bakin kurmin mu ne mazauna birane, har da wasu daga cikin 'yan wannan kwamiti. Saboda haka laifin, in akwai shi, namu ne gaba ɗaya.

Kafin mu karanta shawarwarinmu, muna neman izinin Shugaba mu ɗan yi nisa da ku zuwa ƙasar Amurka, mu ba ku labarin wani fili da ake kira Rocky Mountain Arsenal, wanda ke bakin birnin Denver a jihar Colorado. Wani zai ce ina ruwan biri da gada. Dalilinmu shi ne, da wuya a sami wani wuri a duniya da lissafin ɓata ƙasa da lissafin gyara ta suka fito fili kamar wannan: an san shekarar da aka fara ɓarnar, an san shekarar da aka daina, an san shekarun da gyara ya ci da kuɗin da ya lashe, an kuma san abin da ya gagara gyaruwa. Hausawa sun ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Asalin filin

Filin yana kimanin kilomita 15 arewa maso gabas da tsakiyar birnin Denver. Da fari daji ne na ciyawa, shimfiɗaɗɗe, inda ƙabilun asali na yankin, irin su Arapaho da Cheyenne, suke farautar ɓaunar Amurka. Daga baya Turawa manoma suka mamaye shi, suka yi gonaki, suka dasa itatuwa, suka haƙa tafkuna domin ban-ruwa.

A shekarar 1942, watanni kaɗan bayan Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu, rundunar sojan ƙasar ta karɓe kimanin eka 20,000 na waɗannan gonaki, aka tashi iyalan da ke zaune a ciki cikin gaggawa, aka kewaye wurin da waya, aka gina masana'antar makamai masu guba a tsakiyarsa. An zaɓi wurin ne saboda yana can cikin ƙasa, nesa da bakin teku inda jiragen abokan gaba za su iya kaiwa, ga layin dogo, ga ma'aikata a birni kusa. A nan aka riƙa haɗa iskar mastad, wadda ke sa fata ta kumbura ta ɗuri ruwa, ta kuma lalata ido da huhu, da bama-baman ƙone gari. Daga 1953 zuwa 1957 kuma, a zamanin yaƙin cacar baka da Tarayyar Sobiyet, aka haɗa sarin, gubar da ɗigo kaɗan nata ke tsayar da numfashin mutum.

Bayan yaƙi sojoji sun ba wa kamfanoni hayar wani sashe na masana'antar. Daga 1952 zuwa 1982 kamfanin Shell ya yi ta haɗa magungunan ƙwari a wurin, ciki har da aldrin da dieldrin. A nan ne labarin ya ɗan taɓo mu, domin irin wannan magani na dieldrin ne aka fesa a gidajen ƙauyukan yammacin lardin Sakkwato a tsakiyar shekarun 1950 don yaƙi da sauro, kuma a yankin Birnin Kebbi ne masana suka gano cewa sauron ya fara jure masa. Yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta sanya aldrin da dieldrin cikin magungunan da duniya ta amince a daina yi, saboda ba sa ruɓewa da wuri, suna daɗewa a ƙasa da ruwa da kitsen dabba.

Shekaru arba'in na zubar da dagwalo

Duk masana'anta tana fitar da dagwalo, kuma tambayar kullum ita ce ina za a zuba shi. A shekarun farko, amsar da aka bayar ita ce a kwarara shi cikin kwari da kududdufai na cikin filin, a bar rana ta busar da shi. Rana ta busar da na sama, ƙasa kuma ta shanye na ƙasa. A farkon shekarun 1950 manoman da ke arewa da filin suka fara ganin amfanin gonarsu yana ƙonewa duk lokacin da suka yi ban-ruwa da ruwan rijiya, dabbobinsu kuma suna ciwon da ba a gane kansa ba. Marubuciyar nan Rachel Carson ta kawo labarin a littafinta Silent Spring na 1962, inda ta nuna cewa sai da dagwalon ya yi shekara bakwai zuwa takwas yana tafiya a ƙarƙashin ƙasa kafin ya cimma gonar farko, tazarar kimanin mil uku. Wato wanda ya zuba ya riga ya manta ya zuba, kafin wanda zai sha ya sha.

Da abin ya tsananta, a 1956 aka gina wani ƙaton kududdufi mai faɗin eka 93, aka shafe gindinsa da kwalta don kada ya yoyo. Da tafiya ta yi tafiya, shi ma ya yoyo. Agwagin daji da ke sauka a ruwayen filin lokacin ƙaura suka yi ta mutuwa dubbai.

Sai aka sake dabara. A 1961 aka haƙa rijiya mai zurfin fiye da mita 3,600, aka fara tura dagwalon cikinta da ƙarfin inji a 1962, bisa tunanin cewa abin da ya yi wannan nisa ba zai ƙara damun kowa ba. Ba a jima ba birnin Denver, wanda ya yi kusan shekara tamanin bai ji motsin ƙasa ba, ya fara girgiza. Aka yi ɗaruruwan ƙananan girgizar ƙasa, har wani masanin duwatsu mai suna David Evans ya nuna cewa yawan girgizar yana hawa da sauka daidai da yawan ruwan da ake turawa. An rufe aikin a 1966, amma girgiza mafi ƙarfi ta auku ne a 1967, bayan an daina. Ruwan da aka riga aka tura ya ci gaba da aikinsa a can cikin duwatsu, ba mai iya kiransa ya dawo.

A shekarun 1970 aikin wurin ya koma lalata makaman da aka tara, kuma a 1982 aka daina haɗa komai. Shekara arba'in ke nan cif. Abin da ya rage shi ne ɗaruruwan gine-gine da babu mai iya zama a ciki, da ƙasa da ruwan ƙarƙashin ƙasa da suka gurɓace.

Yadda mikiya ta sauya labari

A lokacin sanyin 1986, masu binciken gurɓatar wurin suka tarar da garken mikiya mai farin kai suna kwana a kan dogayen itatuwan da ke bakin wani rafi a cikin filin. Wannan tsuntsuwa ita ce ke jikin tambarin Amurka, kamar yadda jar mikiya ke saman namu, kuma a lokacin tana cikin jerin halittun da ake fargabar ƙarewarsu, saboda maganin ƙwari na DDT ya sa ɓawon ƙwanta yana yin laushi ya fashe kafin ƙyanƙyasa. Da jami'an hukumar kula da kifi da namun daji ta ƙasar suka shiga dubawa, sai suka iske wurin cike yake da bareyi, da diloli, da mujiyoyi, da shaho iri-iri, da wata 'yar dabba mai kama da kurege da ke haƙa ramuka ta yi gari guda a ƙarƙashin ƙasa.

Ya kamata mu fahimci dalilin wannan da kyau, kada mu ɗauka gubar ba ta da illa. Masana'antun sun ci tsakiyar filin ne kawai. Sauran faɗin, wanda shi ne mafi yawa, an bar shi ne fanko don ya zama tazara tsakanin guba da mutanen gari. Shekara arba'in ba a yanka shi fulotai ba, alhali a wajen waya birni yana ta cinye duk wani daji da ya rage. Dabbobin sun taru a nan ne domin shi kaɗai ne wurin da aka ƙyale su. Abin da ya tsare dajin shi ne iyaka da aka shata, aka kuma sami mai tsaron ta.

A 1987 aka sanya filin a jerin wuraren da suka fi gurɓacewa a Amurka, waɗanda doka ta wajabta a share. A 1992 majalisar dokokin ƙasar ta zartar da dokar da ta ce idan an gama sharar za a mayar da wurin gandun namun daji na ƙasa, Shugaba George Bush babba ya sa mata hannu. Abin lura a nan shi ne, 'yan majalisa biyu na jihar da suka tsaya wa dokar, Pat Schroeder da Wayne Allard, jam'iyyunsu daban ne. Sun ajiye adawa ne domin filin na 'yan jiharsu duka ne.

Abin da gyara ya ci

Gwamnatin jihar Colorado ba ta zuba ido ta bar wa tarayya komai ba. Tun 1983 ta kai rundunar soja da kamfanin Shell ƙara, aka yi shekaru ana shari'a a kan wa zai biya, kuma dokar wa za a bi wajen sharar. Sai a 1996 aka cimma matsaya a kan tsarin aikin. Aka rushe gine-gine, aka ƙwaƙule gurɓatacciyar ƙasa aka tara ta a manyan ramuka biyu da aka shimfiɗe gindinsu da yumɓu da roba, aka rufe. A wasu wuraren da ƙwaƙulewa ta fi bari haɗari, sai aka binne su a inda suke, aka shimfiɗa farfasasshen kankare da aka samo daga titin saukar jirage na tsohon filin jirgin saman Denver, don kada masu haƙa rami su kai ga gubar, sannan aka zuba ƙasa mai kyau aka shuka ciyawar asali a kai. Ana cikin aikin ne, a 2000 da 2001, aka tsinci ƙananan bama-bamai masu ɗauke da sarin a cikin wani juji na tarkacen ƙarfe, dole aka rufe wurin ga masu ziyara har aka lalata su.

An ƙaddamar da gandun a hukumance a 2004, an kuma kammala babban aikin shara a 2010. Kuɗin da ya ci ya kai dala biliyan 2.1, soja da Shell suka raba. Idan muka ƙirga daga 1987, shekara 23 ke nan ana gyara, a ƙasar da ta fi kowace dukiya.

Gandun a yau

Gandun yana da faɗin kimanin eka 15,000, kuma yana cikin mafiya girma a irinsa da ke jikin babban birni a Amurka. An ƙirga nau'in halittu fiye da 330 a cikinsa. A watan Maris na 2007 aka kawo ɓauna 16 daga jihar Montana, suka hayayyafa har garken ya haura ɗari. A 2015 aka saki wata 'yar dabba mai kama da tunku, mai baƙaƙen ƙafafu, wadda aka taɓa zaton ta ƙare a duniya kafin a sake ganin ta a jihar Wyoming a 1981. Ita kuwa mikiya an cire ta daga jerin masu fuskantar ƙarewa a 2007. A cikin filin ne ma ake da ma'ajiyar ƙasa inda ake tara gawarwakin mikiya daga ko'ina a Amurka, a raba gashinsu ga ƙabilun asali da ke amfani da shi a al'adunsu, don kada kowa ya kashe mai rai saboda gashi.

Shiga kyauta ce. An buɗe zauren baƙi a 2011, inda aka baje tarihin wurin, har da munanan shafukansa. Akwai hanyar mota mai tsawon mil 11 da mutum zai bi ya ga ɓauna ta taga, akwai hanyoyin ƙafa a bakin tafkuna, malaman makaranta kuma suna kawo ɗalibai. Magidanci zai taso daga aiki ya ɗauki iyalinsa, cikin rabin sa'a suna tsaye a daji suna hango dogayen benayen Denver.

Tabon da ya rage

Da za mu tsaya a nan, da mun ba ku rabin labari. Dokar 1992 da ta kafa gandun ita ce kuma ta hana a gina gidajen zama a filin, ta hana a noma shi, ta hana a sha ruwan rijiyarsa, ta hana a ci naman dabbarsa ko kifinsa. Mai kamun kifi a tafkunan gandun zai jefa ƙugiya ya kama, sannan ya mayar da kifin ruwa. Kimanin eka 1,000 a tsakiya suna hannun soja, domin a nan dagwalon yake binne, ana sa masa ido, ana kuma ci gaba da janyo ruwan ƙarƙashin ƙasa ana tace shi. Iyalan da aka tasa a 1942 ba su koma gonakinsu ba.

Akwai ma masu sukar da suka ce mayar da wurin gandun daji ya yi wa masu biyan kuɗi daɗi, tunda sharar da ake buƙata a filin da ba wanda zai kwana a ciki ba ta kai ta filin da yara za su yi wasan ƙasa ba. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Ƙasar ta farfaɗo har ta zama abin sha'awa, amma ba ta koma gonar da za ta ciyar da mutum ba.

Irin wannan labari ya maimaitu a wasu sassan duniya. Tsohuwar iyakar da ta raba Jamus biyu har zuwa 1989, mai tsawon kusan kilomita 1,400, ta zama zirin daji da ake karewa. Zirin da ke tsakanin Koriya ta Arewa da ta Kudu tun 1953 ya cika da tsuntsaye da namun daji, amma cike yake da nakiyoyi. A ko'ina dalilin ɗaya ne: an hana hannun mutum kaiwa.

Mu waiwayo gida

Jama'a, mu ba mu da masana'antar sarin, amma ba baƙi ba ne ga gurɓatar ƙasa. A 2010 gubar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Maganin da aka yi shi ne irin na Denver: a kankare ƙasar tsakar gida, a binne ta nesa, a zubo sabuwa. Garin Bagega sai da ya jira har 2013 kafin a sami kuɗin yi masa hakan.

Ta fuskar daji kuwa, tafiyar da muke yi kishiyar tasu ce. Su sun mayar da filin soja gandun daji, mu kuma gandun dajinmu ne suka koma fagen fama. Sambisa gandun namun daji ne kafin ya zama abin da duniya ta san shi da shi. Dajin Falgore, da ɓarayin shanu suka addabe shi, sai da rundunar soja ta mayar da shi filin horo a 2017. Kamuku da Rugu kowa a zauren nan ya san labarinsu. Dajin da masu shi suka daina shiga, suka daina biyan mai gadinsa, ba ya zama fanko, wasu ne suke tarewa a ciki.

Keɓe fili don amfanin kowa kuwa ba daga Turawa muka koya ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza. Malam Abdullahi na Gwandu ya yi rubutu a kan hukunce-hukuncen mallakar ƙasa da abin da ba ya halatta mutum ɗaya ya mallake. Kalmomin hurumi da burtali da mashaya da makiyaya duk suna cikin bakinmu tun kafin zuwan Bature. Kakanninmu sun riga sun yi mana abin da waya da soja suka yi wa filin Denver bisa tsautsayi, su kuwa da gangan suka yi, kuma ba su bar mana guba a tsakiya ba.

Abin da muka gani a zagayenmu shi ne, harsashin gini ya kai bakin ruwa ta gefen yamma, masu bulo suna ɗibar ƙasa a gindin manyan itatuwa, kwatar sababbin gidaje ta fuskanci tafki, ana wanke galan-galan na maganin feshi a mashayar dabbobi, masunta kuma sun shaida mana akwai masu zuba magani a ruwa don kifi ya taso. Kada mu manta rijiyoyin unguwannin gabas daga wannan tafki suke sha. Manomin Colorado ya jira shekara bakwai kafin abin ya iso gare shi ta tazarar mil uku. Tsakanin tafkinmu da rijiyar masallacin unguwa, jifa ɗaya ce.

Shawarwarin kwamiti

Na farko, muna roƙon zaure ya amince cewa daga yau babu ɗan ƙungiya da zai ƙara saye ko sayar da fuloti a cikin hurumi. Idan mu mazauna birane muka janye hannu, kasuwar ta mutu, domin mu ne masu sayen.

Na biyu, a ɗauko safiyo ya auna wurin a gaban iyayen ƙasa da dattawan da suka san tsohuwar iyaka, a kafa turakun siminti, a yi taswira, sannan a nemi ƙaramar hukuma da ma'aikatar ƙasa ta jiha su ba da takardar da ta tabbatar da shi a matsayin filin al'umma, bisa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978. Dattawan da suka san iyakar suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, kuma iyakar da ke cikin kan mutum tana bin sa kabari. Muna da lauyoyi da ma'aikatan ƙasa a cikinmu, muna fatan za su yi wannan aiki sadaka.

Na uku, waɗanda suka riga suka saya da halaliyarsu ba za a zalunce su ba. A buɗe asusu na musamman, kowane reshe ya sa abin da ya sawwaƙa, a mayar wa mai son kuɗinsa, ko a nema masa musanya a wani gefen gari. Wanda kuma Allah Ya hore wa, ya bar nasa waƙafi. 'Yan kwamitin da ke da fuloti a wurin sun amince su fara, takardunsu suna hannun Sakatare.

Na huɗu, muna roƙon mai girma Hakimi ya sa a yi shela a hana ɗibar ƙasar bulo, da zubar da shara da baƙin mai, da wanke kayan feshi, da kamun kifi da magani a tafki da kewayensa, a kuma juya kwatocin da suka fuskanci ruwa.

Na biyar, a nan dole mu saɓa wa Amurkawa. Su sun hana noma da kiwo da cin kifi domin ƙasarsu ta gurɓace. Tamu lafiyarta lau, don haka burtali da mashaya su zauna a buɗe ga makiyaya, masunta su ci gaba da sana'arsu bisa ƙa'idar Sarkin Ruwa, iyayenmu mata su tsinci busasshen itace da ganyen miya da na magani kamar yadda aka saba. Wanda ke cin moriyar wuri shi ne farkon mai kare shi.

Na shida, a ɗauki masu gadi biyu daga cikin matasan gari, ƙungiya ta ɗauki albashinsu, a share 'yar hanyar ƙafa ta zagaye tafki, a sa bencina a inuwa, a dasa kuka da tsamiya da ɗorawa da maɗaci a wuraren da aka sare, a kuma roƙi shugabannin makarantu su riƙa kai ɗalibai. Mu ma idan mun zo Sallah mu kai 'ya'yanmu. Da yawansu an haife su a birni, sun san zaki da giwa a talabijin, amma ba za su iya bambanta belbela da zalɓe ba, ba su taɓa ganin ɗorawa a jikin uwarta ba. Yaron da bai san wuri ba ba zai yi kishinsa ba ranar da muka kau.

Kammalawa

Mai girma Shugaba, mun san akwai masu cewa gari yana ƙaruwa, mutane suna buƙatar wurin zama, kuma gaskiya suka faɗa. Sai dai gari yana da yamma da kudu da arewa da zai faɗaɗa, tafki kuwa guda ɗaya Allah Ya ba mu. Mutanen Denver sun biya dala biliyan 2.1 da shekara 23 kafin su sami wurin da za su kai 'ya'yansu su ga daji, kuma duk da haka ba sa iya cin kifinsa. Mu abin da ake nema a gare mu shi ne kuɗin safiyo, da albashin masu gadi biyu, da haƙurin barin fuloti. Rigakafi ya fi magani, kuma ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Muna miƙa waɗannan shawarwari shida ga zaure domin a tattauna a yanke hukunci kafin a tashi. Inda muka yi daidai daga Allah ne, inda muka yi kuskure a yafe mana. Allah Ya ja zamanin Hakimi, Ya jiƙan magabatanmu da suka bar mana wannan amana, Ya ba mu ikon miƙa ta ga na baya yadda muka same ta, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mayar da kowa masaukinsa lafiya.